AMSOSHIN WASIƘUN MASU SAURARO: Hukuncin Tafiya Da Bindiga Daga Jiha Zuwa Jiha

 Ga mu a wannan fili namu, inda kukan aiko da tambaya, mu kuma mu nemo muku amsa gwargwadon iko. Gaisuwa ta musamman ga manoma da ke fama da aikin gona, da fatake da 'yan kasuwar ƙauye da ke bisa hanya, da direbobin da ke ɗauke da su. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.

A wannan mako na ware wasiƙu biyar, domin duk inda suka dosa ɗaya ne, watau mutum ya ɗauki bindiga ya shiga mota da ita, ya bar jiharsu ya shiga wata jiha. Me doka ta ce? Saboda nauyin maganar, na sakaya sunayen masu wasiƙun, sai dai in faɗi yankin da kowace ta fito. Wanda ya rubuto zai gane tasa.

TUSHEN MAGANA

Kafin in buɗe wasiƙa ta farko, bari mu fara daga tushe, don kada mu yi ta maimaita abu ɗaya. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Dokar da ake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa shekara guda kafin samun mulkin kai, aka kuma yi ta yi mata gyare-gyare daga baya. Wannan doka ta kasa bindigogi kashi uku, kuma kowane kashi da mai ba da izininsa.

Kashi na farko su ne haramtattu. A nan ake samun bindigogin soja irin su AK-47, da mashin-gan, da gurneti, da roka, da libarba ko fistol kowace iri ce, ko ƙirar Turawa ce ko ta maƙerin ƙauye. Har ma bindigar nan mai cin harsashi da yawa, wadda ake ja mata hannu daga ƙasa ta sake ɗura kanta, wadda 'yan banga ke kira fam-akshin, ita ma nan ta faɗa. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasin irin waɗannan. Wanda aka kama da ɗayansu ba izini, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10.

Kashi na biyu su ne waɗanda mutum kan mallaka don farauta ko tsaron gona, watau mai baki ɗaya da mai baki biyu, irin waɗanda ake karyawa a sa harsashi ta baya, da bindigar iska, da raifil na farauta. Lasin waɗannan yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Riƙe su ba lasin yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5.

Kashi na uku su ne namu na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, watau adaka, ko bindigar toka, ko harbi-ka-ruga, kowane gari dai da sunan da yake kiranta. To, jama'a, a nan ne iyakar jiha take shigowa, sai ku kasa kunne da kyau. Doka ta ce Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha, da amincewar gwamnan jihar, yana iya ba da umurnin hana riƙe irin wannan bindiga a duk faɗin jihar ko a wani yankinta, sai da lasin hukumar da umurnin ya ambata. Ke nan abin da ya halatta a wannan jiha yana iya zama laifi a maƙwabciyarta. A Babban Birnin Tarayya Abuja kuwa, doka ba ta ma jira umurnin kowa ba, ita da kanta ta ce ba mai riƙe adaka a can sai da lasin Sufeto-Janar.

WASIƘA TA FARKO

Wannan daga yankin Ikara ta Jihar Kaduna ta fito. Mai wasiƙar ya ce: "Malam, ni manomi ne, in rani ya yi nakan taɓa farauta. Ina da adaka da na gada wurin mahaifina, dagacinmu ya san da ita, ina kuma da katin ƙungiyar mafarauta. Bana ina son tafiya ci-rani Jihar Kogi da ita. Shin katin nan ya isa?"

To, malam, amsa a taƙaice ita ce bai isa ba. Katin ƙungiya shaida ce cewa kai ɗan ƙungiya ne, shi ke nan. Takardar dagaci ko ta Sarkin Baka shaida ce cewa mutanen garinku sun san ka da sana'arka. Duka biyu suna da amfani, kada ka yar da su, amma babu ɗayansu da alƙali zai karɓa a matsayin lasin, domin ba su ne hukumar da doka ta ba ikon bayarwa ba.

Sa'an nan dubi hanyar da za ka bi. Daga Kaduna za ka ratsa wani yanki na Jihar Neja, ka shiga ƙasar Abuja ta Zuba, ka wuce Gwagwalada da Abaji, kana ka faɗa Kogi. Ka ga ke nan tun ba ka isa inda za ka ba, ka riga ka taka ƙasar da adaka ba ta shiga sai da lasin Sufeto-Janar. Cewa "wucewa kawai nake yi" ba ta cire ka daga ƙarƙashin dokar wurin da aka tsayar da motarku.

Wani zai ce, to, ai hukuncin adaka mai sauƙi ne. Gaskiya ne a Dokar 1959 hukuncin riƙe adaka ba lasin a Abuja shi ne tarar Naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Amma akwai wata doka ta biyu da mutane da yawa ba su san da ita ba, watau Dokar Fashi da Makami da Bindigogi ta 1984, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Ita wannan ta ce duk wanda ya riƙe bindiga saɓanin Dokar Bindigogi, ko saɓanin wani umurni da aka bayar a ƙarƙashinta, hukuncinsa tarar Naira 20,000 ne, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka. Kuma a wurin da ta lissafa abin da ake nufi da bindiga, ta haɗa har da irin ta gargajiya mai ƙanƙara da mai hula. Mai gabatar da ƙara shi ke zaɓen dokar da zai tuhume ka da ita. Ka ji fa, malam, adakar da ka gada tana iya raba ka da iyalinka shekara goma.

Shawarata gare ka ita ce, ka fara zuwa ofishin 'yan sanda na yankinku ka ga Difi'o, ko ka je hedkwatarsu ta jiha, ka tambayi hukumar da ke ba da lasin adaka a jiharku, ka yi naka. Daga nan ka sa mai masaukinka a Kogi, ko sarkin Hausawan garin, ya tambayo maka abin da ake bukata a can tun kafin ka tashi. In abin ya gagara, bar ta a gida, ka tafi ka yi wani neman. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WASIƘA TA BIYU

Ta biyu daga wani falken shanu ce na yankin Illela ta Jihar Sakkwato, mai kai dabbobi Ibadan da Legas. Ya ce yana da mai baki biyu, da lasin da ya samu a Sakkwato shekarun baya, yana tambaya ko lasin yana aiki a Jihar Oyo, tun da hanya ta lalace da 'yan fashi.

Alhaji, naka ya bambanta da na mutumin Ikara. Lasin mai baki biyu na Sufeto-Janar ne, ko da a hedkwatar Sakkwato aka miƙa maka shi, saboda haka na tarayya ne, ba ya mutuwa don ka ƙetare iyakar jiha. Amma akwai abubuwa huɗu da za ka duba kafin ka sa ƙafa a mota. Na ɗaya, wa'adinsa bai ƙare ba, domin lasin da ya ƙare da rashin lasin duk ɗaya ne. Na biyu, sunanka ne a kai, ba na wanka ko na mahaifinka ba. Na uku, lambar da ke jikin bindigar ita ce ke rubuce a takardar. Na huɗu, harsashin da ke tare da kai na wannan bindigar ne, kuma bai wuce abin da aka ba ka izini ba, domin harsashi shi ma doka ta hana riƙe shi ba izini. In akwai wasu sharuɗɗa da aka rubuta a jikin lasin, sa wanda ya iya karatun boko ya karanta maka su ɗaya bayan ɗaya.

Doka ta wajabta maka nuna lasin, da ita kanta bindigar, duk lokacin da ɗan sanda ya nema. Wanda ya kasa, akwai tarar Naira 100 ko ɗaurin wata 6 a kansa. Ko da yake doka ta ce a ba mutum lokaci gwargwado ya kawo takardarsa, Alhaji, kai ma ka san wanda aka tsare a Ogbomosho takardarsa tana Illela, shanunsa sun rame kafin ta iso. Saboda haka asalin takardar ta kasance a jikinka, ka bar hotonta a gida.

Abu biyu kuma na gargaɗe ka a kansu. Kada ka miƙa wa yaronka ita ka ce ya bi motar shanu da ita kai ka biyo a bas. Lasin naka ne kai kaɗai, shi yaron a idon doka mai riƙe da bindiga ne ba izini. Kada kuma ka bari wani ya ce maka a yanke bakinta don ta shiga jaka. Rage tsawon bakin irin wannan bindiga ƙasa da inci 20 laifi ne mai zaman kansa, lasin ba zai cece ka ba.

Game da yadda za ka ɗauke ta kuwa, ga abin da hankali ya nuna. Cire mata harsashi, ka karya ta, ka sa ta cikin jakarta ka kulle, harsashin ya zama a wani wuri daban, duka a but ko cikin kaya, ba a gefen kujera ba. A ƙasar Amurka, inda kowace jiha ke da dokar bindigarta, sai da gwamnatin tarayyarsu ta yi doka a 1986 don kare matafiyi mai ratsa jihohi, kuma sharaɗin da ta kafa shi ne wannan: bindigar ta halatta gare shi a inda ya taso da inda za shi, ba harsashi a cikinta, kuma tana inda hannunsa ba ya kai wa daga wurin zama. In ƙasar da ake sayar da bindiga a kanti ta ga hikimar haka, mu da ke kwana a shingayen bincike mun fi bukatarta. In an tsayar da ku, tun kafin a fara sauke kaya ka ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, akwai bindiga mai lasin a cikin kayana, ga takardarta." Kada ka kai hannu gare ta, bar shi ya ɗauko da kansa. Bindigar da ka faɗa da bakinka da wadda aka tono a ƙarƙashin ciyawa, ba kallo ɗaya ake musu ba.

Ga waɗanda ke sha'awar neman sabon lasin kuma, ku sani a 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan bindigogi. Kafin haka, a 2022, lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi bindiga don kare kansu, manyan jami'an tsaro na tarayya sun fito sun ce gwamna ba shi da wannan iko. Don haka duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi ya yi muku lasin ta bayan gida, ku je hedkwatar 'yan sanda da ƙafarku ku ji halin da ake ciki. Takardar jabu laifi ce a kan laifi.

WASIƘA TA UKU

Wani direban babbar mota daga Funtuwa ya ce: "Mukan ɗauki fasinja a saman kaya, mukan kuma karɓi saƙo a tasha. In aka sami bindiga a motata alhali ba tawa ba ce, ina matsayina?"

Direba, sannu da hanya. Doka ba ta tsaya ga mai bindiga kaɗai ba, ta ce wanda take hannunsa ko take ƙarƙashin ikonsa. In fasinja yana tare da kayansa, ya kuma amsa cewa tasa ce, to, nauyin yana kansa. Amma saƙon da aka ba ka a tasha, mai shi ya juya ya koma gida, wannan yana ƙarƙashin ikonka ne tun daga Funtuwa har inda za ka sauke shi. In ka san abin da ke ciki ka karɓa, kai ne mai laifin, ko da mai aiken yana da lasin, domin lasinsa bai hau kanka ba. In kuwa ba ka sani ba, za ka iya kare kanka da haka a gaban alƙali, amma kafin a kai ga nan motarka tana ajiye a caji ofis, kai kana tsare, kayan mutane suna ruɓewa.

Saboda haka kada kunya ta hana ka buɗe saƙo. Duk dogon ƙunshi da aka naɗe da tabarma ko buhu, ka ce a kwance a gaban ɗan kamasho da shugabannin tasha. A rubuta sunan mai aike da na mai karɓa da lambar wayarsu a littafin tasha. In mafarauta ne za su shiga motarka da bindigoginsu da karnukansu, ka nemi ganin takardunsu, ka tabbata an zazzage albarushin, kuma ku biya ta ofishin 'yan sanda mafi kusa a shaida kafin ku kama hanya. Wanda ya ƙi, mayar masa da kuɗinsa. Kuɗin mota na mutum biyar ba zai biya lauya ba.

WASIƘA TA HUƊU

Wata baiwar Allah daga yankin Haɗeja ta ce maigidanta ya rasu ya bar mai baki ɗaya da lasinta, ƙanensa kuma da ke zaune a Gashuwa ta Jihar Yobe yana so ya tafi da ita cikin rabonsa na gado.

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Bindiga dukiya ce, tana shiga gado kamar sauran kaya, amma lasin ba a gadonsa, yana ƙarewa ne da mai shi. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 daga ranar rasuwa. Bayan haka riƙe ta ya zama ba izini. Abin da ya kamata shi ne wani babba daga cikin dangi ya je ya sanar da Difi'o, a kai bindigar da harsashinta da takardarta, a ajiye a ma'ajiyar makamai ta hukuma, a kuma karɓo takardar shaidar ajiya. In ƙanen marigayin ya sami lasin da sunansa, sai ya je ya karɓa. In ya sa ta a mota yanzu ya nufi Gashuwa da takardar wansa, to, bindiga ce ba lasin yake ɗauke da ita. Ki faɗa masa da lalama, ki ce daga rediyo kika ji.

Haka nan wanda bindigarsa ta ɓata, ko aka sace, ko ta lalace, shi ma kwana 14 doka ta ba shi ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin. Wanda ya yi shiru, ranar da aka yi ɓarna da ita a wata jiha, lambarta ƙofar gidansa za ta kawo 'yan sanda.

WASIƘA TA BIYAR

Ta ƙarshe daga wani mai fataucin albasa ce na Aliyaro ta Jihar Kabi, mai kai kaya Aba da Fatakwal. Tambayarsa ita ce, shin 'yan banga da 'yan sintirin gari suna da ikon tare matafiyi su bincike shi, kuma in sun sami bindiga me ya kamata su yi?

Malam, na san abin da ya sa ka yi wannan tambaya, duk wanda ke bin wannan hanya ya sani. Ranar 27 ga Maris, 2025, ana saura 'yan kwanaki a yi ƙaramar Salla, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo. Cikin motar akwai mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano. Aka ga bindigogin gargajiya a cikin kayansu, aka yi musu kururuwar masu satar mutane, gari ya taru, aka kashe mutum 16. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya 'yan sanda sun yi kame, Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Kano ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya karɓe shi. Amma wanda ya tafi ya tafi, marayu da zawarawa suna nan.

Ga abin da doka ta ce. Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama a ko'ina cikin ƙasar nan. Ɗan banga kuwa a idon doka mutum ne kamar ni da kai. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta yarda farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi a kansa, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar ikonsa ke nan. Ba shi da ikon duka, ba shi da ikon yanke tara, balle kisa. Ko mutum yana da lasin ko ba shi da shi, alƙali ne ke faɗin hukuncinsa. Wanda ya sa hannu a kisan taron dangi, laifin kisan kai ne a wuyansa. Wannan magana kuma har da mu nan gida, domin mu ma muna da 'yan sa-kai a kan hanyoyinmu, baƙi kuma suna ratsa garuruwanmu.

Amma malam, gaskiyar doka daban, abin da kan faru a bakin hanya da tsakar rana daban. Mutumin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Onica, Asaba, Uromi, Auchi, Okene, Lakwaja, Abuja da Kaduna zuwa Kano, ya taka jihohi 9 ban da Abuja. A kowace akwai shinge, a wasu wuraren masu shingen ba sa jin Hausa, kai kuma ba ka jin yarensu, ga jama'a a firgice saboda satar mutane. Baƙo ko da ido makaho ne. Saboda haka in 'yan sintiri suka tare ku, kada a yi gardama, kada kowa ya gudu, kada kowa ya taɓa makami ko wuƙa. Mutum ɗaya mai jin Turanci ko Burokan ya yi magana a madadin kowa, abin da zai nema kuma guda ne, a kai ku ofishin 'yan sanda. Tun kafin ku tashi ku riƙe lambar wayar sarkin Hausawa da ta shugaban kasuwarku na manyan garuruwan da za ku ratsa.

In an kai ka wurin 'yan sanda, ka sani Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a gabatar da kai gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta gwamnatin tarayya, don irinsa aka kafa ta.

KAFIN MU RUFE

Sauran tunatarwa biyu. Ku mutanen bakin iyaka, na Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, duk abin da muka faɗa a yau na tafiya ne a cikin Nijeriya. Wanda ya ƙetara Maraɗi ko Ƙonni da bindiga, wannan fitar da makami ne daga ƙasa, in ya dawo da ita kuma shigo da makami ne, kowannensu sai da izini na musamman. Lasin Nijeriya ba ya aiki a Nijar, na Nijar ba ya aiki a nan, ko da gonarka ce ke tsallake.

Ku kuma mafarauta, lasin bindiga daban, izinin farauta daban. Gandun daji irin su Yankari a Bauci, da Kamuku a Birnin Gwari, da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, da Falgore da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, duk an hana farauta a cikinsu. Wanda ma'aikatan gandu suka gani ya sauka daga titi da bindiga a kafaɗa, sai ya yi bayani.

To, jama'a, abin da za ku riƙe daga filinmu na yau shi ne, kowa ya san kashin da bindigarsa ta faɗa, ya san mai ba da izininta, ya kuma tambayi dokar inda za shi da ta inda zai ratsa tun yana gida. Matambayi ba ya ɓata. Wanda bai kammala takardunsa ba, ya rataye ta a ɗaka, ko ya kai ta ajiya wurin hukuma, ya tafi nemansa da hannu biyu. Ku da kuka ji, ku isar wa waɗanda ba su ji ba, a majalisa, da tasha, da kasuwa ranar ci. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan baka, ku ma ga naku aikin, kada ayarin mafarauta ya bar gari ba ku zauna da su ba.

Wanda ke da tambaya ya ci gaba da rubuto mana kamar yadda aka saba, a rubuta da boko ko da ajami, duk muna karantawa. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah Ya kai mu da rai da lafiya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.